Daren Asabar a Littafin Kawu Babaji

Ni dai har gobe in na ga mutum ya ɗauki takardar wani wai zai gyara mashi, gabana faɗuwa yake yi. Na taɓa yin irin wannan gyaran da hannuna, kuma saura ƙiris in rushe wa mutumin da ya fi kowa ƙaunata aikin shekara ashirin da biyu. Mutumin kuwa kawuna ne, Malam Babaji na Gobarau, yayan mahaifiyata. Ni ce Rabi, amma bai taɓa kirana da wannan suna ba, don sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mani.

Kawu ba malamin makaranta ba ne, ko da yake kowa Malam ke ce mashi. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ne a wata sakandaren maza. Shi ke wanke kwalabe, ya jera ma'aunai, ya share, ya kulle. Bokonsa a firamare bakwai ya tsaya, Turancinsa kuma na cike fom ne, in magana ta yi tsawo sai ya nemi mai karanta mashi. Siriri ne, mara hayaniya, mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya gaya maka har da minti, don kullum da safe yake daidaita agogonsa da rediyo.

Son sama a gida ya gaje shi. Kakana ladan ne a masallacin unguwa, yana kuma cikin masu fita duban jinjirin wata. Shi ya koya wa Kawu auna sama da hannu: ka miƙe hannunka sosai, ka ware yatsu, ka ce wata na taƙi guda daga tauraro kaza, ko yatsa uku. A shekarar saba'in da bakwai wani malamin kimiyya Ba'indiye da zai koma gida ya ga yadda wannan mai wanke kwalabe ya san taurari fiye da shi, sai ya bar mashi madubin hangen nesa, ya kuma sa sunansa a wata ƙungiya ta ƙasar waje. Aikin 'yan ƙungiyar shi ne bin taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, su rubuta, su aika, masana su yi amfani da shi. Tun daga lokacin, da an idar da Isha Kawu zai hau soro da madubinsa. Abin da ya gani ya rubuta a littafi da ajami, ƙarshen wata ya zamna ya mayar da shi lambobi a fom ɗin ƙungiya da kansa, ya kai gidan waya.

Unguwa ta sha yi mashi ba'a. Wasu su ce Malam Babaji na neman wadda ta ɓace mashi a sama, wasu su ce ya gaya masu in ya gama ƙirgawa. Matarsa, Inna Hajara, faɗanta ɗaya ne, wato bututun Malam ya cinye mata wurin shanyar kuɓewa. Shi dai murmushi ne nasa. Bai tara komai ba a duniya, gida na gado ne, abin hawa keke. Abin da yake taƙama da shi guda ne: a shekara ashirin da biyu ƙungiyar ba ta taɓa dawo mashi da lamba ɗaya ta ce ba daidai ba ce.

Ni kuwa a shekarar casa'in da tara ina da shekara ashirin da huɗu, ina buga tafireta a shagon buga takardu na Alhaji Sule da ke Ƙofar Durɓi. Muna da waya, muna da faks, abin da ba kowane shago ke da shi ba a lokacin. Kuma, Allah Ya yafe mani, ina ji da kaina. Na yi makarantar koyon aikin ofis, ina da takardar shaida, in na buga Turanci sai manyan mutane su gyaɗa kai. Lokacin ne soja za su miƙa mulki ga farar hula, aiki ya yi mana yawa har ba mu samun cin abinci. Wannan na taya murna, wancan na neman muƙami, kowa ya zama ɗan siyasa tun ran gini.

An yi rantsuwar kama mulki ranar Asabar. Ranar Litinin da sassafe, ko shara ba mu gama ba, sai ga Kawu a keke yana haki. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba, shi da ke tambayar lafiyar kajin gidanmu.

"Uwata, wannan ba ta jiran gidan waya," in ji shi, ya buɗe mani littafinsa bisa tebur. "Ki juya shi da Turanci, ki aika ta faks yanzu. Ga lambarsu. Yadda yake za ki buga, kada ki rage, kada ki ƙara."

Yara na jarrabawar gwaji a makaranta, makullin ɗaki na aljihunsa, ba ya iya tsayawa. Sai ya karɓi farar takarda ya sa hannu a ƙasanta, ya hau keke ya tafi.

Ga abin da ke shafin, har yau na haddace shi: "Daren Asabar. Wata taƙi guda yamma da jan tauraron Kunama. Tara saura kwata, ƙaramin jan tauraron nan da ke gefen wanda nake bi, wanda da ƙyar ake ganinsa, ya yi haske har ya fi maƙwabtansa. Ya dushe kaɗan. Tara da minti shida ya sake tasowa. Tara da rabi ya koma yadda yake." Kunamar nan sunan wani gungun taurari ne. A ƙasa ga zanen taurari biyar, ya kewaye ɗaya, ya sa lambarsa ta taswira.

Tau, sai karambani ya motsa. Na ce wannan maganar taƙi ai sai Turawa su yi wa Kawuna dariya, su ce ɗan ƙauye ne, na cire ta. Ya dushe, ya taso, ya koma, na ce surutu ne, na dunƙule shi na ce ya yi haske daga tara saura kwata zuwa tara da rabi. Sannan na ga babu kwanan wata, takardar ofis kuwa ba ta tafiya ba kwanan wata. Na ɗaga kai na dubi kalandar bango, na ga Asabar ashirin da tara ce ga watan Mayu. Na buga da Turanci cewa ranar Asabar da dare, ashirin da tara ga wata. Na duba, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Na aika, na ajiye kwafin kabon a durowa, na ci gaba da wasiƙun 'yan siyasa.

Amsa ta zo ranar Laraba. Da na karanta a shago sai da na koma na zamna. Bayan La'asar na kai mashi gida, na ishe shi a tsakar gida yana goge gilashin madubi. Ya ce in karanta in fassara, Inna Hajara na gefe tana tankaɗe.

Wasiƙar ba zagi a cikinta, da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Sun ce a daidai daren da ya ambata, a daidai wannan awa, manyan wuraren binciken sama guda uku na ɗaukar hoton wannan tauraro, kuma bai motsa ba ko kaɗan. Sun ce ba za su iya karɓar rahotonsa ba. Sun ce kwamitinsu zai zamna ranar Juma'a sha ɗaya ga watan Yuni, ya duba ko za a cire duk rahotannin da ya taɓa aikawa daga kundin ƙungiya, tunda in aka samu ɗaya na ƙirƙira, sauran ma ba a iya dogara da su.

"Ƙirƙira?" in ji Inna Hajara, ta ajiye rariya. "Malam suke ce wa maƙaryaci? Mutumin da ko a wasa ba ya ce wa yaro zan sawo maka abu in ba sawowa zai yi ba? Kai, amma waɗannan ba su da ta ido!"

 Kawu ya naɗe tsumman da ke hannunsa, ya sake warware shi. Can ya ce, "Wurare uku, Uwata? Da hoto?"

Na ce haka suka rubuta.

"Hoto ba ya gyangyaɗi," in ji shi a hankali. Sannan ya faɗi abin da ya ɓoye mana wata bakwai. Likita ya gaya mashi yanar ido ta fara rufe idonsa na hagu, na daman ma ya kama hanya. Wani lokaci in ya dubi fitila sai ya ga ta yi gashi-gashi. Ya ce wataƙila abin da ya gani ba a sama yake ba, a cikin idonsa yake. Wallahi na fi jin zafin wannan magana fiye da wasiƙar, don na san in aka cire aikinsa ba shi da wasu shekaru ashirin da zai sake farawa.

Washegari aka kira shagonmu daga ƙasar waje ana neman Malam Babaji. Dakta Ɗanjuma ne, ɗan wani ma'aikacin lafiya mutumin Filato da suka zamna a Ƙofar Guga. A makarantar su Kawu ya yi karatu, a soron Kawu ya fara leƙa madubi, ga shi ya zama masanin taurari, shekara goma sha biyu rabonsa da gida. Ya ga rahoton Kawu ne a wurin ƙungiya, da lambar shagonmu a kai. Aka aika aka kirawo Kawu, muka jira ya sake bugowa. Layin na ƙara kamar ana suya, sai da Kawu ya toshe ɗaya kunnen, ni kuma na manna kaina kusa da nasa.

Dakta ya yi mashi bayani da ƙarfi. Akwai wani tauraron ɗan'adam da ke kallon sama, amma ba da irin hasken da ido ke gani ba, da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A ƙarshen makon da ya wuce ya ga wannan haske ya tashi farat ɗaya a wani gefen sama, bai kai awa guda ba ya mutu. Na'urar ba ta iya nuna tauraro ɗaya, sai dai ta ce daga wannan ɗan fili ne, a filin kuwa akwai taurari biyar. Duk masana na neman wanne ne a cikinsu. An riga an baza sanarwa da awar da abin ya faru, shi ya sa manyan madubai suka juya can. Matsalar ita ce awar da Kawu ya rubuta ta yi daidai da ta sanarwar, har wasu na cewa wani ya tsegunta mashi ne ya kwafa don ya yi suna.

"Malam, ka tuna da kyau," in ji Dakta. "Asabar ce?"

"Daren Asabar ne, Ɗanjuma. Da idona."

"Tau ai matsalar ke nan, Malam, don ita na'urar..."

Ɗif, layi ya yanke. Muka zamna har Magariba bai dawo ba. Washegari ma haka, duk layin waje na garin ya mutu.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kawu na zuwa aiki, yana dawowa, yana zuwa masallaci, amma kamar ba shi ba. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Inna Hajara ta ja ni ɗaki ta ce mani ya sauko da madubin daga soro ya naɗe shi da tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado. Ita da ta shekara ashirin tana neman wurin shanya, ga soro fayau, ta ce ko hawa ba ta iya yi. Masu ba'ar unguwa ma da suka ga fuskarsa sai suka kama bakinsu. Ni kuwa ina ta tsine wa Turawa a zuciyata, ko sau ɗaya ban kawo cewa in buɗe durowata ba.

Ranar Talata, saura kwana uku kwamiti ya zamna, ya zo shago da hantsi. Wannan karon ya gaishe da Alhaji Sule a tsanake, ya ja kujera kusa da tafireta.

"Uwata, sa takarda. Gara in ce su cire da bakina, da a cire ni ana kirana maƙaryaci. Ki rubuta masu cewa idona ya samu matsala, ban sani ba tun yaushe, saboda haka kada su dogara da abin da na aika."

Na ce Kawu ka dakata mana. Ya ce in buga. Na fara bugawa ina haɗiye hawaye, yana faɗa ina juyawa.

"Ki ce masu ban yi niyyar yaudara ba. Abin da na rubuta, shi na ga kamar na gani. Ina tuna daren sarai, gari ya yi tsit, kowa na jikin rediyo ana jiran a ga ko gobe soja za su sauka da gaske..."

Yatsuna suka tsaya bisa haruffa.

"Gobe, Kawu?"

"Gobe mana. Ba da safe aka yi rantsuwar ba? Har na raka yara fareti ban yi barcin kirki ba."

"Wato ranar Juma'a ce da dare?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Daren Asabar dai. In rana ta faɗi ranar Juma'a, daren wa aka shiga?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane Bahaushe ne bai san wannan ba? Dare ke gaba, yini na bin sa. Daren Juma'a da muke ƙona turare, ai Alhamis ce da dare. Daren Salla ana yin sa kafin a hau idi. Ni da aka haifa a Gobarau, na sha faɗin haka da bakina sau dubu, amma da na zamna gaban tafireta na sa hular Turanci sai na ɗauki kalma na dire ta yadda take, na kuma ƙara mata kwanan wata daga kalanda don ta yi kyau. Na matsar da abin da Kawu ya gani da kwana ɗaya cur. Masu hoto gaskiyarsu, ranar Asabar da dare tauraron bai yi komai ba. Ya riga ya yi abinsa jiya.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mani kyau ba.  Zuciya ta ce mani: ƙarasa buga wannan wasiƙa ki aika, magana ta mutu, ba wanda zai taɓa sani. Kawu ba ya karanta dogon Turanci, Dakta na can wata duniya, kwafin kabon ashana ɗaya ta ishe shi. Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai yana murza idonsa na hagu da bayan hannu, idon da yake zargi. Sai na ja durowa da ƙarfi har ta kusa faɗowa, na ciro kwafin, na durƙusa a gabansa a tsakiyar shago, mutane na kallo.

"Kawu, idonka lafiya lau. Ni ce. Ni na rubuta masu Asabar da dare, ashirin da tara. Na cire maganar wata, na cire dushewa da tasowa. Ka ce kada in rage kada in ƙara, na rage na kuma ƙara."

Har mai jiran a buga mashi takardar neman kansila ya daina kaɗa ƙafa. Kawu ya karɓi kwafin ya kai kusa da fuskarsa, ya nemo lambar da yatsa. Lamba dai yana karanta ta ko da wane harshe aka rubuta. Ya daɗe yana kallon ashirin da taran nan. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu, bai yi ko ɗaya ba.

"Ashe na gan shi," abin da ya ce ke nan. Ya sake cewa, "Ashe na gan shi." Sannan ya ce, "Tashi, Uwata, ƙasa da datti. Yau Talata. Je ki gida ki ce Hajara ta ba ki littafin."

Da gudu na je da gudu na dawo, gyale a hannu. Muka ɗauki hoton shafin da injin kwafi, da shafin da ke gabansa da wanda ke bayansa, don su ga kwanakin a jere. Na bayan cewa yake: "Daren Lahadi. Hadari da iska, ban ga komai ba." Wato a daren da na ce ya gani, ko tauraro ɗaya bai leƙo Katsina ba. Na rubuta ajamin da boko kalma bayan kalma, sannan na juya da Turanci, taƙi da komai, na yi bayanin yadda muke ƙirga dare. Wurin bayanin kuskure ne muka yi gardama. Kawu ya ce in rubuta laifinsa ne, tunda shi ya sa hannu a farar takarda. Na ce tau. Na buga cewa ni Rabi, mai buga tafireta, ni na canza rana, shi bai ga wasiƙar ba sai yau, na sa hannuna a ƙasa. Wannan ne karo na biyu da na saɓa mashi a takarda, kuma shi kam ban yi nadama ba.

Saura aikawa, a nan ne ido ya raina fata. Layin waje a mace. Talata muka yini muna bugawa, ba ko ƙara. Laraba layi ya dawo, wuta ta tafi, janareto ya ƙi tashi. Alhaji Sule, wanda tun farko yake mita wai mun mayar mashi da shago ofishin taurari, shi da kansa ya tuɓe babbar riga ya tsuguna yana zuƙar mai da tiyo. Injin ya tashi, shafi na farko ya shige, na biyu ya kai rabi ya maƙale, layi ya sake ɗaukewa. Na zagi faks ɗin nan zagin da ban san na iya ba, har Kawu ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne.

Alhamis ta zo, gobe kwamiti. Kawu ya nemi izini a makaranta, abin da bai taɓa yi ba, ya zamna a bencin shago da carbi. Duk minti biyar ina buga lamba. Alhaji Sule ya kori masu son yin waya, ya ce layi na da aiki. Azahar ta wuce, La'asar ta wuce. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na ji ƙarar nan ta shiga, siririya. Ban yi numfashi ba har shafi shida suka shige ɗaya bayan ɗaya, injin ya tofo 'yar takardar da ke cewa sun isa. Muka aika wa ƙungiya, muka aika wa Dakta Ɗanjuma, sannan muka zamna muna kallon waya.

Ana gab da kiran Magariba ta yi ƙara. Dakta ne, tun kafin Kawu ya kai ta kunne muke jin ihunsa.

"Daren Asabar! Kai, ni Ɗanjuma, na ci amanar tuwon Katsina! Ka gaya mani da bakinka, Malam, na ji da kunnen Turawa! Na'urar ai Juma'a da dare ta gani, ashirin da takwas!"

Ya ce ya duba lissafi, a daren Juma'ar wata na nesa da jan tauraron Kunama daidai taƙi guda, a daren da ya biyo kuwa bai fi yatsa huɗu ba. Sai kuma muryarsa ta sauka.

"Malam, wannan da ka rubuta, ya dushe ya sake tasowa tara da minti shida. Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mani a bisa soro? Gani na yi."

 Dakta ya ce hasken eksiren ma sau biyu ya tashi, na biyun a daidai wannan minti, kuma ba a sa wannan a sanarwa ba. Mutum bakwai ne kawai suka sani a duniya, duk suna ɗaki ɗaya da shi. Ba wanda zai iya kwafar abin da ba a faɗa ba. Ya ce zai tsaya gaban kwamiti da kansa gobe.

Amsar ƙungiya ta zo ranar Litinin, da ban haƙuri a sakin layi na farko. Ba a cire ko lamba ɗaya ba. Manyan madubai sun koma kan tauraron da Kawu ya kewaye a cikin biyar ɗin, suka tarar ƙaramin ja ne mai irin wannan hali na yin tartsatsi lokaci-lokaci, shi ne ya fitar da hasken. Da aka buga binciken bayan wata takwas, sunan Kawu na cikin jerin masu shi, tsakanin wasu daktoci biyu, an rubuta Katsina a gefensa. Inna Hajara ta sa aka yi wa shafin gilashi ta rataye a zaure, duk wanda ya taɓa yin ba'a sai da ta tabbatar ya shigo ya gani.

Kawu bai taɓa tayar mani da maganar ba, ko da wasa. Ya ci gaba da kawo mani takardunsa, sai dai ni na kafa sharaɗi, ba na aika komai sai na karanta mashi na mayar da Hausa ya ji. An yi mashi aikin ido, ya ƙara shekara huɗu yana hawa soro kafin na daman ya gaza. Ya rasu a shekarar dubu biyu da bakwai, bayan gajeruwar jinya.

Bayan addu'ar arba'in Inna Hajara ta kira ni ta nuna mani akwatin ƙarfe, ta ce ya bar wasiyya a ba Uwarsa. Littattafansa ne, guda arba'in da uku. Na kwashe makonni ina bin su shafi-shafi. Sai a nan na gane cewa mutumin nan bai taɓa barin dare ya wuce ba rubutu ba. Daren da aka yi ruwa ya rubuta ruwa. Daren da zazzaɓi ya kwantar da shi ya rubuta daga kwance, ta taga. Daren da aka binne kakana ma akwai layi biyu.

Wuri ɗaya ne kawai. A littafi na talatin da shida, farkon watan Yuni na casa'in da tara, ya rubuta Daren Alhamis, ya bar ƙasansa fari. Daren Juma'a, fari. Haka har Daren Talata, dare shida, sunan dare a sama da rubutunsa mai kyau, ba komai a ƙasa. Ya riƙa buɗe littafin ke nan kowane dare bayan Isha, ya rubuta sunan, ya zamna da alƙalami a hannu, bai yarda da idonsa ba balle ya hau. Shi ya yafe mani tun ina durƙushe a shago. Ni ce dai na san wanda ya bar shafukan nan fari.